Na kai littafina wajen edita mai zaman kanta, ga yadda muka kwashe

Tun ranar da na ɗora hoton bangon littafina a WhatsApp mutane ke ta bina da tambaya, wai wa ya min editin, nawa aka karɓa, ta iya kuwa ko dai irin masu karɓar kuɗinka ne su diga maka waƙafi biyu su dawo maka da abinka. Na gaji da amsawa ɗaya bayan ɗaya shi ya sa nace bari in zauna in rubuta gaba ɗaya kowa ya karanta ya huta nima in huta. Sunanta dai ba zan kama ba, don akwai inda zan yabe ta akwai kuma inda zan ɗan taɓa ta, kuma baiwar Allahn nan da wannan sana'ar take ci take sha, ba albashi gare ta ba ba shago ba, daga ita sai kwamfutarta da wata tsohuwar fawa bank. Malama nake ce mata, ita kuma tace min ƙanwata, to a haka za mu tafi.

Ni shekarata shida ina rubutu a onlayin, littafi huɗu na gama kuma duk a waya na yi taifin ɗinsu, da daddare in yara sun yi barci in rubuta fej ɗaya ko biyu in tura da safe. Kun dai san tsarin, a saki fej ashirin kyauta sai labari ya ɗau zafi a ce to mai son ci gaba ya tura ɗari biyar ya turo shaidar biya a saka shi a gurup, wanda ba shi da asusun banki ya turo katin waya, 'yan Nijar kuma akwai wata a Maraɗi da ke karɓar musu da sefa. A duk tsawon lokacin nan ba wanda ya taɓa duba min rubutu kafin ya fita. Masu karatu su ne editocina, su kuma abin da suka iya kawai Anti ci gaba, Allah ya ƙara basira, wallahi Anti in kika kashe mana shi mun ɓata. Da irin wannan yabon kai ke kumbura mutum ya ɗauka ya gama iyawa. Sai da gasanni irin su Hikayata ta BBC Hausa da aka fara a 2016 suka shigo ne da yawanmu muka farga ashe akwai wani abu wai shi ƙa'idar rubutu kuma ana faɗuwa a kansa. To da na zo na biyar nace wannan kam a takarda nake son ganinsa, in riƙe shi a hannu in kai wa mahaifiyata, shi ne wata ƙawata ta haɗa ni da Malama.

Maganar kuɗi tukuna don na san ita kuka fi jira. Ba da fej take lissafi ba, da kalmomi take yi, tace fej ɗin WhatsApp ba ma'auni ba ne wani fej ɗin kalma ɗari takwas ne wani dubu uku. Aikinta hawa uku ne. Akwai gyaran ƙa'idar rubutu zalla, wato raba kalma da haɗe ta da haruffa masu ƙugiya da alamomin tsayawa. Akwai wanda za ta haɗa da gyaran jimla. Sai babban wanda za ta shiga cikin labarin kansa ta gaya miki inda ya karkace. Ni babban na ɗauka, littafina kalma dubu 94 ne da 'yan kai, ta yi min naira 700 duk kalma dubu, ya kama dubu 65 da ɗari takwas, na yi ta magiya da Allah da Annabi ta bar min a dubu 60, rabi kafin ta fara rabi in ta gama. A lokacin sai da na ji kuɗin har cikin ƙashina, don in kun lissafa mutum 120 ke nan sai sun shiga gurup kafin in mayar, ban da masu fitar da littafi su raba shi kyauta da masu ɗauka su karanta a YouTube ko sallama babu.

Ranar da kashin farko ya dawo na buɗe shi a waya na ga ja ko'ina kamar an yanka kaza a kan takarda. A Word ta yi aikin ta kunna abin nan da ke nuna duk abin da aka goge da wanda aka ƙara, ga kuma bayani a gefe. A waya abin cakuɗewa ya yi min ban gane komai ba sai da na ari kwamfutar ƙanin mijina, to ku sani in za ku ba ta aiki ku tanadi inda za ku buɗe. Na karanta shafi uku na rufe na yi kwana biyu ban ƙara buɗewa ba don haushi, har cewa na yi matar nan baƙin ciki take min.

Da na huce na dawo sai na fara dariyar kaina. Akwai inda na rubuta wai jarumar ta kai kara kotu, Malama ta rubuta a gefe, ƙanwata karan dawa ko na gero? Akwai inda na sa baki sun cika falo, tace bakin wa, na mutum nawa? Ƙara da kara, baƙi da baki, ƙafa da kafa, ɓata da bata, duk ni abu ɗaya na ɗauke su tunda mai karatu zai gane, kuma ban ma san allon rubutun wayata na da Hausa a ciki ba, a Gboard in ka ƙara harshen Hausa ga ƙ ga ɗ ga ɓ nan zaune suna jiranka. Sai rabe-raben kalma, wannan kam na sha ja. Yana da tana da suka da muka a haɗe suke, amma za ka da ba ni da ya ce da shi ne a rabe. Motarsa a haɗe. A kan tebur a rabe, akan yi haka a haɗe, kuma ma'anarsu ba ɗaya ba ce. In muka yi gardama a kan kalma sai ta ɗauko hoton shafin Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero, wanda ya fito a 2006, ta turo min shiru ba ƙarin magana. Kar wani ya zo yana duba min wannan rubutun fa yace ga nace ga tace a haɗe, nan hira muke ba littafi ba ne, hannu ya riga ya saba.

Amma duk wannan ba shi ne ya sa nace kuɗina sun halatta ba, don ƙa'ida ko ɗalibin Hausa mai ƙwazo zai gyara maka. Inda matar nan ta burge ni shi ne ta karanta labarin da gaske, karatu irin na mai neman laifi. Sai da ta buɗe wani dokumen daban ta jera sunan kowa da shekarunsa da dangantakarsa da ranar da kowane abu ya faru, abin da ni mai labarin ban taɓa yi ba. A nan asiri ya tonu. Ashe jarumata ta ɗauki ciki ana saura sati biyu azumi, aka yi ƙaramar salla aka yi babba aka sake zagayowa wani azumin tana nan da cikinta, Malama ta lissafa wata goma sha huɗu cif tace ƙanwata ko raƙuma ce. Ashe kawun da na kashe a haɗarin mota a babi na tara shi ne ya dawo yana raba goro da dabino ranar suna a babi na talatin da ɗaya, kuma mutum sama da ɗari uku sun karanta shi a gurup ba wadda ta lura, ko sun lura sun yi shiru oho. Sannan na sa mutum ya bar Kano bayan la'asar ya yi sallar magariba a Sakkwato, ni da nake 'yar can nake bin hanyar nan duk shekara, ta Funtuwa a bi Gusau a wuce Talatar Mafara, tafiyar da in ka fita da asuba sai rana ta yi tsaka ko ta karkata kafin ka shiga gari, amma don ina son ya riske ta tana kuka sai na ba motarsa fiffike.

Wanda ya fi ba ni kunya shi ne na takaba. Na sa an ɗaura wa matar da mijinta ya rasu aure bayan sadakar arba'in, don labarin na sauri nake so ta shiga gidan ɗaya mutumin. Nan Malama ba ta yi wasa ba sam, kira na ta yi a waya tace ƙanwata wannan ba kuskuren rubutu ba ne, takaba wata huɗu ne da kwana goma, in kuma tana da ciki sai ta haihu, in littafin nan ya fita a haka a takarda ba mai tuna daɗin labarinki, da wannan shafin kawai za a dinga yawo. Kuma na sani fa, wace mace ce ba ta san wannan ba, amma saurin in tura fej kafin masu karatu su fara zagi ya sa ban tsaya na yi tunani ba. Sai da muka sake gina babi uku saboda gyaran nan ɗaya, kuma abin mamaki watannin da na ƙara su suka zama wuri mafi daɗi a littafin, don a nan ne matar ta zauna ita kaɗai a ɗaki mai karatu ya san ko ita wace ce.

Sai yanka. Wayyo yanka. Ta bincika ta ce min kalmar ajiyar zuciya ta fito sau 212, kowa a littafin sauke ajiyar zuciya yake har mai gadi. Jarumin kuma duk babi sai ya shiga wanka ya fito ɗaure da tawul ya shafa mai ya fesa turaruka masu tsada ya sa shadda ya ɗau makullin mota, tace in aka haɗa wankansa kaɗai ya isa ƙaramin littafi. Siffanta jarumar, fara doguwa hanci har baka gashi har gadon baya, sau bakwai na maimaita shi kusan kalma da kalma. Ni na san dalili, duk mai rubutun kullum ya sani, in ka yi alƙawarin fej kowace safiya kuma kanka ba komai to sai ka tura mutum wanka ko ka sa a girka abinci kala biyar ka lissafo su. A waya yana wucewa don jiya daban yau daban, amma a takarda da mutum zai zauna ya karanta a jere abin gundura ne. Daga dubu 94 littafin ya dawo dubu 78. Na ji zafi kam, har nace mata to Malama tunda kin rage kalmomi sai ki rage kuɗi, tace ai cirewar ita ce aikin. Daga baya da na je wurin masu ɗab'i na ga yadda kuɗin takarda ke tafiya da yawan shafi sai na gode mata a zuciya.

To yanzu inda muka saɓa, kuma har gobe ina kan bakana. A labarin akwai wata kaka Basakkwatiya da ta biyo jikarta Kano, ita ce gishirin littafin, kuma da kakata ta gaskiya na auna ta Allah ya jiƙanta. Da harshenta na bar ta take magana, ɗiyan ga mi kukai nan, ku tahi ku ba ni wuri, lokacin da munka zo garin ga. Malama ta bi duk maganganunta ɗaya bayan ɗaya ta mayar da su daidaitacciyar Hausa, munka ta koma muka, tahi ta koma tafi, ɗiya ta koma 'ya, mi ta koma me. Da na karanta sai na ji kamar an cire wa tsohuwar zane an sa mata siket, ta koma tana magana kamar mai karanta labaran ƙarfe bakwai. Nace Malama wannan kam a'a. Tace ƙa'ida ƙa'ida ce kuma masu karatu a Kano da Kaduna za su ɗauka kuskure ne. Nace bakin mai ba da labari na yarda a daidaita shi, amma abin da ke cikin alamar zance na mai maganar ne, in Bakatsine ne a bar shi da nasa in Bazazzagi ne haka in ɗan Damagaram ne haka, ai ba a Kano kaɗai ake Hausa ba. Mun yi kusan sati muna musayar saƙon murya, ƙarshe ta ce littafinki ne, amma ba ta mayar min da su ba, ni na zauna na bi wuri sama da tamanin ina dawo da maganar kaka da hannuna. Wannan ya ci min rai gaskiya, don da ta tambaye ni tun farko kafin ta taɓa da duk ba a yi haka ba. Duk mai rubutu da karin harshe ko da Hausar 'yan tasha ko ta 'yan makaranta, ku faɗa mata tun ranar farko a rubuce.

Na biyu lokaci. Sati uku ta ce min, sati bakwai aka yi. Yau babu wuta kwamfuta ta mutu, gobe yaro ba lafiya, jibi shiru saƙo ya shiga ba amsa. Ban ce ƙarya take ba, wutar kam duk muna gani, amma daga baya ita da bakinta ta gaya min aiki huɗu ta haɗa lokaci guda, nawa, da fassarar wasu takardun wayar da kai na wata ƙungiya, da furojet ɗin 'yan makaranta biyu, kuma masu fassarar sun fi ni biya nesa ba kusa ba don haka su aka fara sallama. Na fahimce ta amma ni ma na riga na yi wa mutane alƙawarin rana, sai da na ɗaga sau biyu har wasu suka fara cewa ko dai babu littafin ne.

A nan ne ma muka yi wata doguwar hira da ta sa na daina ganin tsadarta. Nace Malama wai sana'ar nan tana riƙe mutum kuwa, don ni ma har na fara sha'awa. Ta yi dariya tace in da gyaran littattafan hikaya kaɗai ta dogara da tuni ta koma sayar da awara. Ku lissafa da kanku, kalma dubu 94 ta karanta sau biyu, wasu wuraren sau uku, ga rubuta bayani ga waya ga gardamata, a dubu 60, ga data ga kuɗin cajin kwamfuta a shago in wuta ta ƙi zuwa. Wata ɗaya aiki ya yi mata yawa wata biyu ba ko ɗaya, wasu su karɓi aiki su ƙi cika ragowar rabin, shi ya sa yanzu ba ta sakin babin ƙarshe sai ta ji alat. Kuma yawancin marubutanmu ba su ga dalilin biyan wani ya nuna musu laifinsu ba.

Ita ce ta tuna min abin da muka karanta a makaranta muka manta, cewa rubutun hikayar Hausa da boko da edita ya fara. Gasar rubutun da wani Bature Rupert East ya shirya a 1933 daga ofishin fassara na Zariya, littattafan da suka fito daga cikinta sai da aka zauna aka tace su kafin a buga, haka aka ci gaba zamanin kamfanin Gaskiya har zuwa kamfanin buga littattafai na Arewa, NNPC, da aka kafa a 1966. Da aka shigo shekarun 1980 marubuta suka fara buga abinsu da kuɗinsu, abin da aka zo ana kira adabin kasuwar Kano, sai hanya ta koma daga marubuci zuwa mai taifin zuwa maɗaba'a zuwa kasuwa, ƙofa ta buɗe wa kowa musamman mata kuma wannan alheri ne babba, amma kujerar edita a nan aka bar ta a baya. Mu 'yan waya kuma muka zo muka cire har mai taifin ɗin. To mutum irin Malama sana'ar da babu kasuwarta sosai take ƙoƙarin tayarwa, kullum sai ta fara da yi wa mutum bayanin me ma take sayarwa.

Abu na ƙarshe da ta min wanda ba ya cikin ciniki, da masu ɗab'i suka turo samfurin farko sai ga duk ƙ da ɗ da ɓ sun koma ƙananan akwatuna, wai irin zanen harafin da suka zaɓa ba shi da su. Ni ban ma lura da wasu ba don idona ya saba da labarin, ita na tura wa cikin dare ta duba ta gaya min a canza zanen harafin gaba ɗaya kuma a turo mata a PDF ta sake bi, ta kama wurare goma sha ɗaya da layi ya tsallake, ko sisi ba ta karɓa ba. Ita ce kuma ta ce in nemi lambar ISBN, wato lambar shaidar littafi, a wurin Babban Ɗakin Karatu na Ƙasa tun kafin a buga bango.

In maki ake so, a ido da sanin aiki na ba ta tara cikin goma, a cika alƙawarin lokaci huɗu ma na yi mata kara. Wanda ke tura fej kullum a gurup ba na jin tsarinta zai yi masa, ba za ta iya wannan gudun ba kuma kuɗin ba zai fita ba, sai dai ka gama littafi gaba ɗaya ka kai mata. Mai shirin bugawa a takarda ko shiga gasa kuwa ya je, amma ya ninka duk lokacin da ta faɗa sau biyu kafin ya sa wa mutane rana. Ni dai na shida na nan na kai babi na sha takwas, bayan babbar salla zan tura mata in Allah ya kai mu, akwai wani direban tirela Bagobiri a ciki, tun yanzu na bi duk maganganunsa na shafa musu launin ɗorawa na rubuta a saman shafin farko da manyan baƙaƙe, Malama don Allah kar a taɓa min direba.